Ƙafar yaro da dare, ƙafar yaro da safe



Yau maganar ciwon ƙafa na kawo maku, wannan da ke tada yaro cikin dare yana kuka yana riƙe ƙwauri, gari na wayewa kuma ki gan shi yana tsalle a tsakar gida kamar ba shi ba. Duk macen da ta raini yara uku ko huɗu ta san shi. Tsofaffinmu kowace da sunan da take ba shi. Wata ta ce sanyi ne, wata ta ce amosani, wata ta ce ƙashi ne ke miƙewa, yaro na girma. Akwai ma mai cewa wani abu ya taka da magariba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ni ke duba littafin ƙungiyarmu kowane mako, kuma cikin dalilan da mata ke faɗi in sun zo neman kuɗi daga asusun taimako, "ƙafar yaro" tana dawowa fiye da yadda za ki zata. Jikka guda, jikka biyu, wani lokaci har biyar. In kin tambayi inda kuɗin suka shiga, sai ki ji ƙwaya ce wajen mai tiren magani, ko wanzami, ko mai ɗori, alhali babu abin da ya karye. Ni kuwa abin da na fahimta cikin shekarun nan shi ne ciwon ƙafar yara iri biyu ne. Akwai wanda hannun uwa ya ishe shi, ko dala ba ya ci. Akwai kuma wanda ko kwana ɗaya bai kamata ya yi a gida ba. Mu kuma kuɗinmu na ƙarewa a kan na farko, in na biyu ya zo ya tarar da hannu wayam.

Ɗana na huɗu ya yi wannan ciwo yana ɗan shekara 7. Sai ya yi dare biyu ko uku a jere yana farkawa, sannan ya yi sati biyu lafiya lau, har mu manta, sai kuma ya dawo. Ina murza mashi da man kaɗe kamar yadda innata ke yi mana, ya yi shiru ya koma barci. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, kullum sai ta ce, "Ke, a kira wanzami a tsaga ma yaron nan ya fidda mugun jini, ki huta mu huta." Nakan ce, "To Inna, bari mu ga safiya." Da safe yaro ya sha hura ya ruga lakwal da gudu, maganar wanzami ta kwanta sai wani daren.

A wannan shekarar ne innata ta samu shanyewar ɓarin jiki, nike kai ta babban asibiti a Maraɗi wajen masu gashin ƙashi, waɗanda ake ce ma kine. Aikinsu ba allura ba ne, ba ƙwaya ba. Da hannu suke aiki, da motsa gaɓoɓi, da koya ma jiki abin da ya manta. Wadda ke duba innata yarinya ce, ba ta kai ɗiyata ta fari da yawa ba, amma hannunta ya san aiki. Wata rana tana miƙar da ƙafar tsohuwa, na ce mata, "Madam, ina da tambaya, amma ba a kan inna ba." Na ba ta labarin yaron. Ba ta ce komai ba sai da ta jero mani tambayoyi. Ƙafa ɗaya ce ko biyu? Ina yake nunawa, nama ko gaɓa? Da safe yana ɗingishi? Jikinsa na zafi? In kin taɓa wurin yana janye ƙafa ko yana miƙo maki? Da na amsa duka, sai ta yi dariya ta ce, "Hajiya, kawo shi in gani, amma ina jin aikin da kike yi da dare shi ne maganin."

Na kai shi. Ta sa shi ya yi tafiya, ya tsuguna, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ta lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ta duba idonsa da tafin hannunsa. Ta ce wannan shi ne likitoci ke kira ciwon girma. Wai wani likita Bafaranshe ne ya fara rubuta sunan tun 1823, sunan ya zauna, alhali daga baya an gane ba girman ne ke kawo shi ba. Ƙashi na tsawo a hankali, ba ya ciwo don yana tsawo. Shekarun da yaro ya fi saurin miƙewa, wato yana jinjiri da lokacin balaga, ba su ne shekarun wannan ciwon ba. Ya fi kama ƴan shekara 3 zuwa 12, kuma ya fi zuwa daren ranar da ƙafa ta wahala. Ana dai zaton tsoka ce ta gaji.

Da ta faɗi haka sai na tuna yinin yaranmu. Yaro ya tashi ya ɗebo ruwa, ya taka zuwa lakwal, ya dawo, ya kora awaki, ya yi ƙwallo cikin rairayi ba takalmi har magariba. Ɗiya mace kuwa nata ya fi. Mu da muke ɗaukar bashin asusu muna suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli da dafa zogale, wa ke yawo da tiren? Yarinya ƴar shekara 8 ta zaga gari tun hantsi har la'asar da kaya a ka, ta dawo ta kama daka. Ba laifi nike ɗora ma kowa ba, na san abin da ke sa mu. Amma in irin wannan yarinya ta tashi da dare tana kukan ƙafa, ba sai an tambayi mai duba ba. A rage mata zagaye ɗaya, a bar ta ta zauna inuwa da rana tsaka, a ba ta ruwa ta tahi da shi.

Ga yadda za ki gane wannan mai sauƙin. Ƙafa biyu yake kamawa, ko da yau ya fi a dama gobe a hagu. A nama yake, sharaɓa ko gaban cinya ko bayan gwiwa, ba cikin gaɓar kanta ba. Da marece yake zuwa ko cikin dare. Babu kumburi, babu ja, babu zazzaɓi. Yaro na cin abincinsa, yana wasansa. Yana son a taɓa wurin, shi da kansa zai ce, "Inna, matsa mani nan." Babbar shaida kuma ita ce safiya: ya tashi ya taka sarai, babu ɗingishi ko kaɗan. Wannan ba ya lalata ƙafa, ba ya hana tsawo, kuma da kansa yake barin yaro in ya ƙara shekaru.

Abin da kine ta koya mani kashi biyu ne, na dare da na rana.

Na dare kusan duk mun iya. Ki zauna ki ɗora ƙafarsa bisa cinyarki, ki shafa ɗan mai a hannu, man kaɗe ko na gujiya, duk wanda ke ɗaki. Ba man ne ke aikin ba, hannun ne, don haka kada ki sayi mai tsada mai hoton damisa a kwalba. Ki murza daga idon sawu ki yi sama zuwa gwiwa, da tafin hannu, a hankali, ba irin matsar da muke yi ma tunkuza ba. Sannan ki jiƙa tsumma cikin ruwan ɗumi ki matse ki naɗe wurin. Ɗumi na ce. Mu da muka saba da ruwan wankan jego hannunmu ya mutu, abin da muke ji daidai yana iya sale fatar yaro. Ki gwada a cikin damtsenki tukunna. Yawanci kafin tsumman ya huce sau biyu barci ya ɗauke shi. Ki kuma yi mashi magana, ki ce wannan ciwon na gajiya ne, da safe babu shi. Rabin kukan yaro cikin duhu tsoro ne.

In ya ƙi lafawa, parasetamol ya isa, na farmasi ko na likita, gwargwadon nauyin yaro. Nawa yana da kilo 20 a lokacin, aka ce rabin ƙwaya mai lamba 500, kuma kada a sake sai bayan awa 6. Asfirin ba a ba yara. Taramol kuwa, wallahi duk wadda mai tire ya miƙo ma shi don yaro ta mayar mashi da abinsa. Haka allurar bayan gida, wadda wani ke zuwa da jaka ya yi a ɗuwawu. Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka har tafin ƙafa. In allura ta same ta, ƙafa na iya saki, yaro ya koma jan ta. Kine ta ce irin waɗannan yaran suna cikin waɗanda ake kawo masu, wata da watanni ana fama.

Na rana shi ne sabo gare ni, kuma shi ne ainihin aikinsu: miƙar da tsoka. Ana yin shi ne lokacin da babu ciwo, da safe kafin lakwal da kuma bayan sallar isha'i kafin a kwanta. Yaro ya kwanta rigingine bisa tabarma, ƙafa a miƙe. Ki tallabi diddigensa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ki tura tafin ƙafar a hankali, yatsu su nufi wajen fuskarsa, har ya ce yana jin ja a sharaɓa. Ki tsaya nan ki ƙirga zuwa 20, ki saki. Sai ki ɗaga ƙafar gaba ɗaya sama, gwiwa a miƙe, ɗayar tana ƙasa, har ya ji ja a bayan cinya. Nan ma 20. Sai ya juya ruf da ciki, ki lanƙwasa gwiwa, ki kai diddige wajen ɗuwawu, ja zai zo a gaban cinya. Kowane sau uku, dama da hagu. Duka bai kai lokacin da tukunyar kunu ke ɗauka ta tafasa ba.

Ta ja mani kunne a kan abu guda: ja ake so ya ji, ba zafi ba. In ya ɓata fuska kin wuce wuri, ki koma baya kaɗan. Kada a fizga, kada a riƙa dannawa ana saki kamar mai bugun famfo. Kuma ba aikin kwana uku ba ne, sai an jure makonni. Mu wasa muka mai da shi. Shi ke ƙirga da Faransanci, wai yana koya mani, ƙannensa su jeru bisa tabarma kowa na jiran a ja tasa ƙafar. Zuwa girbi darare sun yi sauƙi sosai. Ba zan rantse maku cewa miƙarwar ce kaɗai ta yi ba, don ciwon dama mai tafiya ne, amma ba ta ci mani ko dala ba, kuma jikinsa babu tabon aska ko ɗaya.

To, yanzu na biyun, wanda saboda shi ne na zauna na yi wannan dogon rubutu.

Wata ƴar ƙungiyarmu, ta yarda in ba da labarin ba tare da suna ba, ɗiyarta ta yi ɗari biyu a jere tana ciwon ƙafa. Kowa a gidan ya ce girma ne. Amma nata ba ya jiran dare, ba ya kuma tafiya da safe. Sai ta kwana uku tana kuka, yau ƙafa, gobe hannu da baya, ko zane ba ta so ya taɓa ta. Idonta ya yi ɗorawa, tafin hannu fari fat. Uwar ta tuna ma tun tana goye bayan hannuwanta da ƙafafunta sun taɓa kumbura. An yi tsaga, an yi sakiya, an sha jiƙo iri-iri. Ranar da ta zo taro da ita a kafaɗa, muka ce a'a, wannan ba namu ba ne. Aka buɗe akwati, aka kai ta Maraɗi, aka auna jini. Emasi ce, wadda a rediyo kuke ji ana ce ma amosanin jini ko sikila.

A wannan cuta jajayen ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale a ƙananan hanyoyin jini, inda suka toshe kuma nan ciwo ke tashi, har cikin ƙashi. Sanyi na tada shi, ƙishirwa na tada shi, zazzaɓi da wahala ma haka. Shi ya sa hunturu ya fi masu muni. Yaron da dama jininsa bai isa ba, a ce kuma a tsaga shi a zubar da wanda ya rage! Yarinyar tana nan da ranta, tana lakwal. Uwar ta koyi ba ta ruwa da yawa, da rufe ta da asuba, da gidan sauro kowane dare, da ƙwayar ƙarin jini da aka rubuta mata, kuma ta san zazzaɓi kaɗan gare ta na gudu zuwa likita ne, ba na jira ba. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa da aka ware don wannan cuta, amma awon jinin ba sai an je can ba.

Da sakamako ya fito, maigidan ya ce daga dangin matar ne. Ku riƙe wannan, don za ku ji irinta: yaro ba ya samun emasi sai ya gado daga uwa da uba duka biyu. Kowanensu na iya ɗauke da rabin abin yana yawo lafiya lau bai sani ba. In biyu masu ɗauke da shi suka yi aure, kowane ciki akwai kashi 1 cikin 4 ya zo da cutar. Ba wai in ɗaya ya samu ukun da ke biye sun tsira ba, kowane ciki da nasa rabon. Sai da majo ya zaunar da shi ya yi mashi wannan bayani, namiji da namiji, sannan matar ta samu sararin numfashi. Mu da auren zumunci ya yi ma yawa, awon jini kafin a shafa fatiha ba abin kunya ba ne.

Ba emasi kaɗai ba. In ciwo a ƙafa ɗaya yake, wuri ɗaya, yaro na nuna shi da yatsa, ga zazzaɓi, ga wurin da zafi ko kumburi, ya ƙi takawa sam, ƙwayar cuta na iya kasancewa ta shiga ƙashi ko gaɓa. Wannan cikin kwanaki kaɗan take ɓarna, gaɓar da ta ci kuwa ba ta komawa daidai. Kada a murza, kada a ja, kada a kai ɗori. In kuma ciwo na yawo gaɓa zuwa gaɓa, yau gwiwa ta kumbura jibi idon sawu, bayan yaro ya yi ciwon maƙogwaro sati biyu ko uku da suka wuce, shi ma na likita ne, don yana iya taɓa zuciya ya bar mata lahani har girma. Ƙafar da ta saki farat ɗaya ta yi laƙwas, ranar nan za a kai. Yaron da ke ramewa, ya daina ci, ya daina wasa, ciwo kullum ƙaruwa yake, shi ma haka. Wanda kuma ƙafafunsa suka gwame sosai ko aka haife shi da tafin ƙafa a murɗe, akwai asibitin yara na CURE a Yamai da aka buɗe a 2010, irin aikinsu ke nan, kuma da wuri ya fi.

Na san abin da ke tsaida mu. Kula da yara kyauta da aka fara a 2006 ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, wannan ciwo kuwa ya fi samun waɗanda suka wuce nan. Ga kuɗin kabu-kabu, ga awon jini, ga hoton ƙashi in an ce a yi. Ga maigida da zai ce a bari sai ranar kasuwa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, asusun taimako don irin wannan rana aka yi shi, sai dai akwati na da makulli a hannun mata daban-daban, ciwo kuma ba ya jiran ranar zubi. Bayan abin da ya samu yarinyar nan muka zauna muka yi shawara. Mun ware jikka goma a hannun ma'ajiya, wajen akwati, an rubuta a littafi kowa ta shaida. Mace ta buga ƙofa ko tsakar dare ne, ana yi mata tambayoyin nan na kine. In akwai zazzaɓi, ko kumburi, ko ɗingishi, ko ido ya canza, a ba ta nan take babu riba, wata ta raka ta. In kuwa ƙafa biyu ce da dare, da safe garau, wadda ta iya cikinmu ta bi ta gida ta nuna mata tausa da miƙarwa. Mu ba likitoci ba ne, mun faɗi haka a taro. Duk wadda hankalinta bai kwanta ba, ko ciwon ya canza kama, ta tahi a duba, ba mai hana ta kuɗi. An yi gardama kafin a yarda, wasu na ganin jikka goma a waje asarar riba ce. Da aka kaɗa ƙuri'a masu so suka rinjaya.

In za ki likita, ki tahi da amsa a baki, don majo na da layi a ƙofa, ba zai tsaya tono ba. Yaushe ya fara, wace ƙafa, wane lokaci na yini, da zazzaɓi ko babu, akwai mai irinsa a dangi ko yaron da ya rasu da irin wannan ciwo. Wadda ta yi yaƙi da jahilci ta rubuta a takarda. Wadda ba ta yi ba, ta ja layi da gawayi a bango duk daren da ya tashi, ta ƙirga kafin ta fita. Ki kuma ɗauki kwalin duk ƙwayar da aka riga aka ba shi, ko da fanko ne, ki ƙulle a bakin zane. Majo zai so ya gani kafin ya rubuta wani.